Famfon Dattijon da Na Zaga

A shekarata ta biyu a Alƙahira aka kafe sakamako a bangon ma'ahadinmu, wato makarantarmu. Na bi layin sunana da yatsa har na iso kan nahawu, na tarar da jan alƙalami. Rubutacciyar jarrabawar na haye ta da ƙyar. Ta baki ce ta kayar da ni, wadda suke kira shafawi, inda za ka zauna gaban shehi ya tsinto maka baiti daga tsakiyar littafi ya ce ci gaba. Baiti ɗari uku aka ɗora mana, na wani littafin nahawu da aka tsara a waƙe. Ni kuwa a ranar baiti huɗu kacal na kawo, na tsaya ina kallon fanka.

Dokar a fili take. Akwai zama na biyu a ƙarshen hutun zafi. Wanda ya sake faɗuwa za a yanke masa minha, wato tallafin da muke ci muke sha da shi, in kuwa babu minha babu takardar da za a sabunta maka iƙama da ita, wato izinin zama a ƙasar. A taƙaice dai, sai gida. Mako tara ne a gabana. Mahaifina kuma can ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, duk wanda ya leƙa zaurensa sai ya ji labarin ɗansa Lawal yana Masar, ko da aron fartanya ya kawo shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ba daƙiƙi ba ne. A gida ni ake nunawa da yatsa wajen hadda. Sai dai haddar tawa tana da wata al'ada da ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba sai da na rasa ta. A kan keke nake yinta. Daga ƙauyenmu zuwa Islamiyyar cikin gari tafiyar awa guda ce a hanyar burji, tsakanin gonakin dawa. Nakan rubuta darasin a takarda in ɗaure da roba a kan keken, in leƙa layi guda, in ɗaga kai in yi ta tuƙi ina maimaitawa. Ƙafa na juyawa, baki na bin ta. Kafin in hango hasumiyar masallacin gari ya zauna daram. Shekara shida ina haka.

A Masar kuwa mu bakwai ne a ɗaki biyu, a Hayyul Ashir da ke Madinat Nasr. Wannan yana waya da matarsa, wancan yana soya albasa, a ƙasa masu tuktuk, keke mai ƙafa uku, suna gasar wanda kiɗansa ya fi ƙara. Na gwada masallaci, ina jingina da ginshiƙi sai barci. Na gwada saman bene, mai gadin gidan ya sa kwaɗo. Na gwada kai-komo a cikin falo, taku biyar ka ci karo da bango.

Babbanmu a gidan Malam Isuhu ne, mutumin Damagaram, shekararsa tara a Masar. Da na faɗa masa matsalata sai ya sauke gilashinsa ya dube ni.

"Bon, Lawali, kai dai ka zauna wuri guda kamar mutane. Wa ya taɓa jin ilimi a ƙafa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bar zancen belo ɗin nan."

Belo yake ce wa keke. Na ce masa to, Malam. Washegari na tafi neman keke.

A Darrasa na samu, a wani lungu bayan shagunan littattafai. Mai shi ya rantse da Allah, ya rantse da 'ya'yansa, ya ce ni baƙon Allah ne, hasken idonsa ne, ba zai ci ribar ɗalibin ilimi ba. Keken shuɗi ne, fenti sai sheƙi, har da giya. A kwana na uku na ji yana kuka a ƙarƙashina. Na kankare fentin da farce a kusa da feda, na tarar da tsaga, an cike ta da wani abu kamar sabulu. Na mayar masa. Ya dafa ƙirji ya ce ma'alish, bukra, wato yi haƙuri, sai gobe. Na koma washegari, ya ce bukra. A zuwa na huɗu hasken idon nasa ya tsaya a gabansa ya ce bai taɓa ganina ba.

Haka na ci gaba da hawa da tsagar, tunda ba ni da zaɓi. Amma ina hanyar? A garinmu in ka ji oda, mota ɗaya ce, kuma ka san mai ita. A nan kowa na danna oda lokaci guda, ba wanda ya san da wa ake. Ƙaramar bas za ta sha gabanka ta tsaya cak don ɗaukar fasinja, tuktuk ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba, mai babur ya goge ka da madubi ya waiwayo yana zagi. Ba baiti ba, ko sunana aka tambaye ni a kan titin nan sai na yi tunani. Abin da bakina ya haddace a makon nan shi ne innalillahi.

Sannan ga samarin unguwa. Baƙar fata a kan keke da kaftani, ai sun samu silima kyauta. "Ya samara" ta nan, "ya shokolata" ta can, duk tsokanar launin fatata. Wani ya riƙe kariyar ta baya ina tuƙi ba na gaba, abokansa na tafi. Sau biyu ina fitowa daga sallar la'asar in tarar an sace mini iskar tayoyin duka biyu, su kuma suna zaune a kan bonet ɗin wata mota suna jiran su ga fuskata. Larabcin da na iya na littafi ne, in na buɗe baki dariyar ce za ta ƙaru. Na tura kekena na wuce, zuciyata kamar ta fito.

Da tsagar ta buɗe sosai, Malam Isuhu ya gaji da ganin fuskata ya ce in je Ard al-Liwa in nemi Baba Adamu mai gyaran keke. Na ɗora keken a saman mota bayan cinikin da ka ce motar zan saya. Baba Adamu Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙafa ya tsaya a Mai Wurno, shi kuma yaƙi ya koro shi Masar da tsufansa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, sai dai tana jan Larabci a wutsiya. Ya ɗaga keken ya duba, ya yi tsaki.

"Ɗana, wanda ya sayar maka da wannan bai yi sallar asuba ba. Kawo, a kai wa mai walda."

Muna jiran waldar ta huce ya sa aka kawo mini shayi, ya ce in ba shi labari. Na ba shi duka, har da kallon fanka. Shi kaɗai ne a Masar bai yi dariya ba.

"Kwayis, da kyau," ya ce. "Hanya kake nema wadda ba mota. Akwai wani da ke kawo mini kekensa, ya ce bayan Ma'adi akwai kwari, Wadi Digla. Hukuma ta killace shi. Ba gini, ba kasuwa, sai duwatsu da dila. Ya ce akwai siraran hanyoyi a ciki da ba abin da ke bin su sai keke da ƙafa. Ni ban taɓa zuwa ba."

Da ya zo buga iska na ce ya ƙara. Ya ƙara, na ce ya ƙara. A wajenmu ana gane mai faci na ƙwarai ne da taurin tayarsa. Keken da zai ɗauki buhun masara da mutum a kai, in tayar ta yi laushi ai ka gama yawo. Sai ka ɗalle ta da yatsa ta yi ƙara kamar tasa, sannan ka biya. Baba Adamu ya ɗalle, ya gyaɗa kai, ya ce haka su ma suke yi a Mai Wurno. Muka rabu kowa ya gamsu da ɗan'uwansa. Mako uku sun tafi, ban ƙara baiti ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a ina idar da asuba na kama hanya. Safiyar Juma'a ce kaɗai Alƙahira ke rufe baki. Na isa ƙofar kwarin rana ta ɗan ɗago, na yanki tikiti, na shiga.

Ban yi nisa ba na tsaya, don wani abu ya dame ni ban gane ko mene ne ba. Ashe shiru ne. Shekara biyu rabona da shi. Bangayen dutse fari-fari dama da hagu, ƙasa duk tsakuwa, ga 'yan tsirrai masu toka-toka nan da can. A jikin wani dutse na ga ɓawon dodon koɗi a manne, wai da can teku ne a wurin. Ba oda, ba mai kiran samara. Masu keke na wucewa jefi-jefi, da hulunan kwano da matsattsun kaya, kowa ya ɗaga hannu ya wuce. Ni kuwa ga kaftani, ga ƙafar wando a cuse cikin safa, ga takardata ta baiti goma a ɗaure da roba. Na ce alhamdulillahi, yau dai na zo gida.

Na bar babbar hanya na hau wata siririya da ta bi gefen tudu. Nan keken ya nuna mini bai san ni ba. Duk tsakuwar da ya taka sai ya yi tsalle kamar ɗan akuya. Haƙorana na haɗuwa, hannuwana na karkarwa, rubutun takardar ya zama tururuwa. In na taka birki tayar baya ta zame, in na karya kwana ta gaba ta ƙi bina. Na faɗi sau ɗaya, na ce rashin sabo ne. Na faɗi na biyu, na ce laifin mai Darrasa ne. Na uku a gangare ne. Tayar gaba ta shure, na bi ta saman keken na sauka da gwiwa da tafin hannu, kaftanin ya yage har cinya.

Na ja jiki na zauna a kan wani dutse na juya wa keken baya. Wallahi kuka na yi, ni ƙato da gemu. Ba zafin ciwon ba ne. Na nemo keken, na nemo hanyar, ga shirun da nake nema ya kewaye ni, kuma duk da haka babu. Na fara tsara yadda zan shiga zauren mahaifina da jakata, da abin da zan ce wa mutanen da za su zo sannu da zuwa.

Ina wanke gwiwar da ruwan gorata sai na ji wata ƙara a bayana. Tsss. Na san ƙarar nan. Na ji ta a raina tun a ƙofar masallacin Hayyul Ashir.

Na waiwaya. Wani dattijo Bamisire ne tsugune a gaban kekena, farin gashi na leƙowa ta ƙarƙashin hular kwanonsa, nasa keken a jingine. Ya danna bawul ɗin tayata ta gaba da farce, iska na fita. Ta baya ma ya riga ya taɓa ta. Ya ɗago yana murmushi, ya fara cewa wani abu yana nuna tsakuwa.

Ban saurare shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ba ni da famfo, ƙofa na da nisa, ga jini a ƙafa, ga kuma wani ya biyo ni har cikin daji ya yi mini abin da yaran unguwa ke yi. Na miƙe. Larabcin da ya ƙi fitowa gaban shehi, ranar ya zubo kamar an ɓalle famfon unguwa. Na ce masa ba ya tsoron Allah. Na ce da furfurarsa bai ji kunya ba. Na ce kun ga baƙin mutum kun ɗauka abin wasa ne, kun cuce ni a kasuwa, kun tozarta ni a titi, yanzu ko a nan ba za ku bar ni ba. Na ce masa azzalumi. Da Larabcin ya ƙare na ƙarasa da Hausa, na ce tsohon banza tsohon wofi. Duwatsun nan suna maimaita mini muryata.

Murmushin ya gushe a hankali. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, irin miƙewar tsofaffi. Ya dube ni, ya dubi jinin, ya dubi takardar da ke kan keken.

"Ma'alish, ya ibni," ya ce. Wato yi haƙuri, ɗana.

Ya ciro wani ɗan ƙaramin famfo baƙi daga jikin kekensa, ya ajiye a kan dutse kusa da ni, ya hau ya gangara. Bai waiwayo ba.

Na daɗe a tsaye ina huci. Na rantse ba zan taɓa famfonsa ba, gara in tura keken har Madinat Nasr. Sannan na ga barinsa a daji ma asara ce, na jefa shi a aljihu, amma ban buga ba. Na matsa tayar da babban yatsa, ta ɗan lotsa, irin wadda a garinmu za ka mayar wa mai faci ka ce ya ba ka kuɗinka. Na ce bari in lallaɓa da ita haka zuwa ƙofa.

Na hau. Na taka feda sau goma ina jiran tsallen, bai zo ba. Tayar na kwanciya a kan tsakuwar tana rungumarta. Na zo kwana, keken ya bi ni. Na taka birki a gangare, ya tsaya inda na ce. Karkarwar hannun ta tafi. Na sunkuya na ga rubutuna tsaf, baƙi a kan fari. Na karanta layin farko don kawai in gwada, na ɗaga kai. Ƙafa ta juya, baki ya bi ta.

Sai a layi na uku abin ya dake ni: ashe taurin tayar ne ke kayar da ni, dattijon gyara mini ya yi. Na tsaya na sa ƙafa a ƙasa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ka da wanda za ka ɓoye wa fuska sai kanka. Na juya na bi gangaren da ya bi, na tuƙa iya ƙarfina har ƙofa. Na kwatanta shi ga masu tikiti. Suka ce masu farin gashi da yawa ne, ya Shehi, wanne daga ciki? Na rasa Juma'a a unguwarmu ranar, a wani masallacin Ma'adi na yi, da yagaggen kaftani. Amma baiti goman nan suna kaina.

Daga nan na shiga aiki. Wani mai gadin gini kusa da ƙofar, mutumin kudancin Masar, ya yarda in riƙa ɗaure keken a ƙarƙashin matattakalarsa, ya ƙi karɓar komai. Sai in zo a bas da sassafe, kwana huɗu a mako, in fita kafin rana ta fara dukan gaske. Ba daɗi ba ne. Zafin kwarin nan in hantsi ya yi kamar bakin tanda. Na yi faci ya fi a ƙirga, leɓena ya tsage, na rame har wando na zamewa. Wata rana in dawo da baiti goma sha biyar, wata rana biyar su ma da rigima. Kowane babi ya samu wurinsa, wannan a gangaren farin dutse, wancan a inda hanya ta matse tsakanin bango biyu. Kullum famfon na aljihuna, duk hular kwanon da na hango sai na ƙure ta da ido.

Saura mako guda Malam Isuhu ya karɓi littafin ya ce zai gwada ni. Ya tsinto daga tsakiya, na ci gaba. Ya tsinto daga ƙarshe, na yi tuntuɓe biyu na tashi. Ya rufe littafin ya daɗe yana kallona.

"Lawali, belon nan naka, ana aronsa?"

Ban kai ɗari ukun ba, gaskiya ɗaya ce. Babi biyu na ƙarshe sama-sama na san su. Ranar zama na biyu na shiga gaban shehin. Ya buɗe, ya karanto rabin baiti ba tare da ya ɗago ba. Na gane wurin, matsattsiyar hanyar nan ce. Na bi ta har ya ɗaga hannu. Ya juya shafuka zuwa baya, ya faɗa cikin babin da ban gama ba. Na kawo uku, na tsaya. Ya jira. Na kawo na huɗu a karkace, ya gyara mini, na kawo na biyar. Ya ce khalas, shi ke nan, tashi.

Da aka kafe sakamako na ga maƙbul, mafi ƙanƙantar darajar da ake hayewa da ita. A gida da na ga wannan sai in ƙi cin abinci. Ranar kuwa na zauna a kan matattakalar ma'ahadi ina ta hamdala. Minha ta tsaya, iƙama ta tsaya.

Da la'asar na kira mahaifina a waya. Na ji yana faɗa wa mutanen zaure, ana ta barka. Da hayaniyar ta lafa ya dawo kaina.

"To madalla. Ba a hayewa haka kawai, Lawal, akwai wanda Allah ya yi sanadi da shi. Ka je ka yi masa godiya?"

"Ina nan ina nemansa, Baba."

"Nema kuma? Ba shi da gida?"

"Ban san gidansa ba. Ko sunansa ban sani ba."

"Ikon Allah. To da kuka rabu me ka ce masa?"

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har da tsohon banzan. Na ce kuma kayansa na hannuna.

Ina jin kukan kaji a tsakar gidanmu.

"Sa'ana ne?" Baba ya tambaya.

"Zai girme ka kaɗan, Baba."

"To ba ka gama jarrabawa ba," ya ce. "Ranar Juma'a ka koma."